Waƙar Tamil a ƙasar baƙunta: abin da tikitin ke saye

Duk lokacin da mai tsara kiɗan fina-finan Tamil irin Ilaiyaraaja ko A.R. Rahman zai yi wasa a Toronto ko Landan ko Kuala Lumpur, sai masu suka su ce kasuwanci ne zalla, ana sayar wa mutane kewar gida da tsada. Ban yarda ba. Waɗannan tarukan suna yin aikin da iyaye ba za su iya yi su kaɗai ba, wato fitar da harshen Tamil bainar jama'a.

Ɗauki yaron da aka haifa a unguwar Scarborough ta Toronto, wanda iyayensa suka gudo daga Sri Lanka bayan kashe-kashen watan Yulin 1983. Makaranta da titi duk Turanci ne, Tamil kuwa sai a bakin kaka ko lokacin da ake masa faɗa. Harshen da aka kulle a ɗaki, yaro kan ji kunyarsa. Amma ranar da ya shiga babban fili irin Rogers Centre, inda Ilaiyaraaja ya yi wasa a 2013, ya ji dubban mutane suna rera waƙar da uwarsa ke rerawa tana girki, sai ya gane harshen nan yana da jama'a da daraja. A wajen ne kuma ɗan gudun hijira daga Jaffna ta Sri Lanka yake zama kusa da injiniya daga Chennai ta Indiya da jikan leburorin da Turawan Ingila suka kai gonakin roba a Malesiya. Tarihinsu daban, siyasarsu daban, waƙoƙin ne suka sani tare.

Wasu na cewa waƙar fim ba al'ada ba ce, gadon gaske shi ne kiɗan gargajiya na Karnatik. Nan sun manta abu biyu. Yawancin manyan waƙoƙin Karnatik da Telugu da Sanskrit aka tsara su, shi ya sa aka yi gwagwarmayar Tamil Isai a shekarun 1940 don a riƙa rera Tamil a dandali. Sannan Ilaiyaraaja, tun fim ɗin Annakili na 1976, kiɗan ƙauye ya shigo da shi sinima, baitocin fina-finai da yawa kuma sha'irai irin su Kannadasan ne suka rubuta. In harshe ake so ya rayu, waƙar fim ta fi ɗauke da shi.

Sukan da ya fi ƙarfi shi ne dare ɗaya ne kawai, kuma ba kowane iyali ke da kuɗin tikiti ba. Gaskiya ne, kuma abin ya dame ni. Sai dai maganinsa ba daina taron ba ne. A Cleveland ta jihar Ohio, tun 1978 ake bikin kiɗan Karnatik na Thyagaraja kowace shekara, inda yaran da aka haifa a Amurka suke shafe watanni suna koyo, su shiga gasa, su hau dandali gaban manyan mawaƙa daga Chennai. Masu kawo taurarin fim su ma suna da wannan damar: su ware wa makarantun Tamil na garin kujeru masu sauƙi, su bar matasan garin su buɗe wasan da gangar mridangam da ta parai kafin tauraro ya fito.