Hujjar Kirista a Kan Asalin Sharri

Masu cewa rubuce-rubucen kare bangaskiyar Kirista jidali ne kawai da Turawan mishan suka shigo mana da shi sun yi gaggawar hukunci, domin mafi raunin fannin suka duba, suka auna sauran da shi. Tarihin mishan a yankinmu ba shi da tsawo: mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, daga bisani 'yan majami'u suka tsiro har Gure ta ƙasar Muniyo, inda Kirista tsiraru ne ƙwarai. Lalle akwai salon munazara irin ta ɗan mishan Pfander, mai Mizanul Haƙƙi, wanda Shaihu Rahmatullahi ya kara da shi a Agra a 1854, salon da ban ga ya haifi kome ba sai ɗacin rai.

Abin da nake ƙauna a fannin shi ne hujjar Agustin, bishop ɗin Hippo, Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430. Mabiya Mani sun ce tun azal asali biyu ne, haske da duhu, kowane da mulkinsa. Shi kuwa, da ya ga wannan shirka ce tsagwaronta, alhali ba ya iya jingina mugunta ga Mahalicci, sai ya ce sharri ba zati ba ne da aka halitta, rashin alheri ne a gurbin da ya wajaba alheri ya kasance, kamar ɓaraka a riga, wadda masaƙi bai saƙa ba, wadda kuma ba ta samuwa sai da rigar. A dubi hikimar wannan tsari. Bai musanta zafin zalunci ba, ya dai hana shi sarauta, har Iblis ma samuwarsa alheri ce, irada tasa ce ta karkace. Ibn Sina ya bi kusan wannan tafarki cikin Shifa, saboda haka mai kiran hujjar baƙuwa bai karanta na malamansa ba.

Sai dai manomin Gure da ya sha farin 1984, wanda kuma yake kallon tudun rairayi na binne masa kwarin dabino shekara bayan shekara, in aka ce masa masifarsa rashi ce, zai amsa cewa rashin ne ya kashe masa dabbobi. A nan gwanayen fannin suke ajiye mandiƙi su buɗe Littafin Ayuba, inda abokan da suka dage cewa kowace wahala sakamakon zunubi ce su ne Ubangiji ya tsauta wa, Ayuba kuma ba a warware masa sirrin ƙaddara ba, tambayoyi aka jero masa har ya sallama. Bangaskiya a wannan makaranta amincewa ce da Mai hukunci tun kafin a gane hukuncin.

Ni a ganina wannan fanni ɗan'uwan ilmin kalamu ne, mas'alar da ta raba Mu'utazilawa da Ash'arawa ita ce take cin ransa. Malamin zaure mai karantar da Ummul Barahin ya fi kowa cancantar karanta Agustin, domin shi ne zai gane inda suka yi tafiya tare, ya kuma san daidai inda za su rabu, wato a kan gicciye, inda Kirista yake cewa Allah da kansa ya shiga wahalar.