Mizanin Bawa Tsakanin Tsoro da Ƙauna

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, bawa mai rauni, mai ƙaunar gafarar Ubangijinsa, mazaunin Wudil a bakin kogi, yana cewa: wasu almajirai sun tambaye ni a kan waƙoƙin wa'azi da muka gada, irin su Baƙin Mari da Gangar Wa'azu, shin su kaɗai sun ishi ɗalibi guzuri? Na amsa gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe.

Fasali na farko, a kan falalarsu da aibin riƙonmu gare su.

Ka sani, ya kai ɗan'uwana, waɗanda suka tsara waƙoƙin nan malamai ne na gaskiya. Sun sami mutane cikin gafala, sai suka sifanta musu kabari da tambayarsa, da siraɗi, da wuta, cikin harshen Hausa, har manomi da tsohuwa da ba su san Larabci ba suka ji, suka tuba. Allah ya saka musu. Sai dai mafi yawan baitocinsu tsoratarwa ne, tsoratarwa kuwa magani ce, ba tuwo ba. Magani da awo ake shan sa, a lokacin cuta. Aibinmu shi ne mun mai da shi abincin safe da dare, muna ba lafiyayye da majinyaci, yaro da babba, awo ɗaya.

Na ga ɗalibi mai tsoron Allah wanda waswasi ya kama, yana maimaita alwala har lokacin salla ya fita, ba ya barci, yana cewa aikinsa ba karɓaɓɓe ba ne. Wannan ba ƙarin labarin wuta yake bukata ba. A karanta masa ayar Suratuz Zumar da ta hana bayi yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Fasali na biyu, a kan abin da magabata suka tabbatar.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 Hijira (1111 Miladiyya), ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u domin tsoro da fata, ya keɓe wani domin so. Ya kamanta tsoro da bulala wadda ake kora bawa da ita zuwa ga aiki, ya kasa shi uku: gajere, da matsakaici, da wanda ya wuce iyaka. Na ƙarshen abin zargi ne a wurinsa, domin yana kai wa ga yanke ƙauna da barin aiki, har da ciwon jiki da gushewar hankali. Ya kuma ce aikin da aka yi bisa fata ya ɗara wanda aka yi bisa tsoro, domin fata ke haifar da so.

Ka lura da hikimar harshenmu: kalma ɗaya, ƙauna, ita muke faɗa ga so, ita muke faɗa ga sa rai. Wanda ya fid da rai mu kan ce ya yanke ƙauna. Ke nan igiya ɗaya ce, in ta tsinke duka biyun sun faɗi.

Shi ya sa magabatanmu ba su bar wa'azi shi kaɗai ba, suka haɗa shi da begen Annabi. Ishiriniya ta Alfazazi, wanda ya rasu a 627 Hijira, ana rera ta a ƙasar Kano har yau. Wanda ya riƙi wa'azi ya bar bege, ya sayi takalmi ƙafa ɗaya.

Fasali na uku, a kan bulalar makaranta.

Ina kolo na zauna gaban malamai biyu, ba zan ambaci sunansu ba, Allah ya jiƙan su. Na farko dorinarsa ba ta sauka daga hannunsa. Muna biya allo muna kallon hannun nan, ba ma kallon rubutu. Mun koyi ɗaga murya in ya waiwayo, da yin shiru in ya juya baya. Wani abokina mai kaifin hadda ya gudu da dare, bai sake taɓa allo ba har ya mutu. Na biyu yana da bulala, amma a rataye take. In ka kakare sai ya ja maka baƙi, ya ce sake. A wurinsa na sauke, kuma abin da na haddace gabansa shi ne bai kuɓuce mini ba da na tsufa.

Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 Hijira, ya iyakance a littafinsa na ladubban masu koyarwa cewa kada malami ya wuce bulala 3 sai da izinin uba, kada ya haura 10, kada kuma ya yi duka domin huce fushinsa. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 808 Hijira, ya faɗa a Muƙaddimarsa cewa tsanantawa tana gadar wa yaro kasala da ƙarya da makirci, domin yana koyon bayyana abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Anas ɗan Malik kuwa ya yi wa Annabi hidima shekara 10 bai taɓa jin kalmar ƙosawa daga gare shi ba.

Ƙarshen wannan hanya mun gan shi a Muharram 1441, wato Satumba 2019, sa'ad da aka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, aka fitar da mutum fiye da 300, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Marin da mawaƙa suka sifanta na lahira ne, a hannun Mai adalci. Wa ya ba bawa izinin ƙera shi a duniya ya sa wa ɗan wani?

Fasali na huɗu, a kan shubuha da jawabinta.

In an ce: ai Allah ya yabi masu tsoronsa, in an cire tsoro mutane za su sake. Sai mu ce: ba mu kira ga cire shi ba, amincewa da makarun Allah ma halaka ce. Mun kira ga ajiye shi a muhallinsa. Je ka kara ta Wudil ranar Juma'a ka duba. Bafillace yana gaba, shanunsa na bin muryarsa, sandarsa a kafaɗa, ba ya ɗaga ta sai wata ta nufi gonar mutane. Ɗan kora kuwa yana bayansu da duka, in ya tsaya sun tsaya, in ya gafala sun watse. Duka biyun suna da sanda, amma ɗaya ne makiyayi.

To, ga ma'auni. Tsoron da ya hana ka saɓo ya tashe ka salla, riƙe shi. Wanda ya hana ka barci da aiki, ya sa ka munana zato ga Ubangijinka, daga Shaiɗan yake, nemi tsari. In kuwa ka zama malami, duba yaranka sa'ad da ka shigo: in fuskokinsu sun sake, gode Allah, in sun ƙame, binciki kanka kafin ka bincike su.

Abin da na dace daga Allah ne, abin da na kuskure daga kaina ne. Allah ya gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya kwafa, da wanda ya karanta. Allah shi ne mafi sani. Tamat bi hamdillahi.