Ɗan Wane Gida Ne? Tsokaci Kan Zumunta A Cikin Shaihu Umar Da Jiki Magayi

Duk wanda ya san birnin Zariya ya san idan baƙon yaro ya shigo zaure ya gaida dattawa, kafin a tambayi sunansa za a tambaye shi, "Ɗan wane gida ne?" Daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, gidan mutum shi ne takardar shaidarsa. Ita kanta sarautar Zazzau a kan gidaje huɗu take yawo, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. To, da yake a Zariya ne aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko, ya dace mu duba yadda marubutan farko suka amsa wannan tambaya ta zaure.

Daga cikin littattafai biyar da Hukumar Talifi ta fitar a Zariya bayan gasar 1933, ƙarƙashin Dokta R. M. East, biyu ne suka ɗora labarinsu kacokan a kan iyali: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da shi East ɗin. Sauran ukun yawon duniya ne da yaƙi da ɓarayi. Manazarta sun saba ajiye na farko a layin littattafan bauta, na biyu kuma a layin soyayya da ramuwa. A ganina in aka jera su wuri guda, gardama ɗaya suke yi, kowanne ya riƙe gefensa: shin jini ke yin ɗa, ko riƙo?

Mu fara da Umar. Bai san mahaifinsa ba, domin ya rasu tun uwarsa tana da cikinsa. Uwarsa ta auri Makau, ya zama agola ke nan. Aka yi wa Makau sharri a fadar Kagara aka kore shi, ya nufo ƙasar Zazzau ya zauna a Maƙarfi. Uwar ta tafi ganin iyayenta a Fatika, a bayanta aka sace yaron. Daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Mai karatu ya lura, duk mazan da suka yi wa Umar uba babu wanda ya haife shi. Mu da muka tashi muna jin habaicin da ake yi wa agola a tsakar gida, ya kamata mu yi mamakin yadda malamin makaranta matashi ya ɗauki agola, kuma bawa, ya zaunar da shi a kan buzu almajirai na kewaye da shi. Bai tsaya wa'azi a kai ba, ya bar labarin ya yi aikinsa.

Sai dai inda littafin ya fi taɓa zuciya ba wajen Umar ba ne, wajen uwarsa ne. Ta samu mijinta, ta samu wurin zama, amma ta bar su ta shiga duniya neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar, ta ƙetare Sahara a cikin bauta. Da suka haɗu a Ɗarabulus jikinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta cika. Mai karatu zai rufe littafin bai riƙe sunanta ba, domin ɗanta ne ke ba da labarin, ɗa kuwa ba ya kiran sunan uwa. Wannan alkunya ta ƙara wa littafin nauyi. Amma ina da ƙorafi. Bautar da ta kashe uwa ita ce ta ɗaukaka ɗa, kuma Shaihu yana ba da labarin duka biyun da murya ɗaya ta mai haƙuri da ƙaddara. Abdulkarim, uban riƙon nan mai kirki, ai fataucin bayi ne ya kawo shi Kano. Ko sau ɗaya ba mu ga Umar ya tsaya ya auna wannan a ransa ba. Marubucin ya ga ramin, ya kewaye shi.

Jiki Magayi kuwa ya kifa kwaryar ne. Malam Shehu attajiri ne a garin Galma (sunan kogin da ya ratsa ta gefen Zariya), yana da komai sai ɗa. Neman magaji ya sa ya raba Zainab da saurayinta Abubakar, da ƙarfin dukiya da na asiri. Ya samu abin da yake so, aka sa wa yaro Kyauta. Abubakar kuma ya shiga duniya neman maganin ramuwa, da ya samu bai jefi Shehu ba, sai ya jefi ɗan. Kyauta ya tashi ɓarawo, kunya ta fitar da uban daga gari, ƙarshe ɗan ya shiga sata wani gida ya kashe maigidan, bai san mahaifinsa ba ne.

Ga ɗa na jini, na halal, wanda aka yi shekaru ana roƙo, ga uwa ga uba ga dukiya, ya zama ajalin ubansa. Ga kuma agola, sataccen yaro, ya zama fitilar gari. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Littattafan nan biyu sun fi karkata ga karin magana na biyu. Raunin Jiki Magayi shi ne ya ɗora lalacewar Kyauta a kan sammu. Da zarar an ce asiri ne, an wanke gidan ke nan: ba sauran tambaya kan shagwaɓa ɗan fari na attajiri, ko kishin sauran matan da ba su haihu ba, ko halin da Zainab ke ciki a ɗakin mijin da ba shi ta fara so ba. Abin da za a yi babi biyar a kai, an rufe shi da ƙullin magani.

Wanda ke son ganin abin da aka rufe ɗin, ya nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, aka buga da Turanci a 1954. Baba ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta rasa 'ya'ya ba, domin dangi sun ba ta riƙo, ta raina, ta aurar. A bakinta za ka ji auren zumunta, da ƙawance, da wasan jika da kaka, da zaman 'ya'yan bayi da 'ya'yan iyayengijinsu a rinji guda. Tsohuwar da ba ta yi boko ba ta zana gidan Bahaushe fiye da yadda ƙagaggun labaranmu na wancan zamani suka yi. Dalili a fili yake: marubutan maza ne, iyakarsu zaure.

Mata ne suka shigar da mu cikin gida. Hafsatu Abdulwahid, a So Aljannar Duniya da kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan gasarsa, ta mai da tambayar zaure kan mai neman aure: Boɗaɗo Bafillatana ce, Yasir kuwa ba jininsu ba ne, dangi suka ce ba su san wannan ba. Balaraba Ramat Yakubu ta fi kowa zafafawa a Alhaki Kwikwiyo Ne na 1990. Rabi ta haifa wa Alhaji Abdu 'ya'ya tara, amma bayan ya auro Delu ya kore ta, sai ta gane ba ta da ko taku ɗaya a gidan da ta tsufa a ciki. Ta yi sana'ar abinci ta riƙe 'ya'yanta. Da duniya ta juya wa Alhaji baya, dangin nan dai su suka taru suka matsa mata ta koma. Wasu masu karatu sun ji haushin wannan ƙarshe. Ni kuwa ina ganin nan ne littafin ya fi gaskiya, domin ya nuna zumunta na iya zama inuwa, tana iya zama igiya. Lokacin da ake ta muhawarar Adabin Kasuwar Kano a jaridu cikin shekarun 1990, an shagala da zancen soyayya da ɓata tarbiyya, ba a ba wannan tambaya haƙƙinta ba: mace 'yar wane gida ce, na ubanta da ta bari, ko na mijinta da za a iya fitar da ita da 'yar takarda?

Abin da ke damuna da yawancin rubuce-rubucen sababbin marubutanmu shi ne gidan ya tsuke ya koma ɗaki. Miji, mata, kishiya, sai uwar miji mai bin bokaye. Ina goggo da ke da ikon hana aure? Ina kawu da ake kai ƙara wurinsa? Ina 'yan uba da ke cin tuwo a akushi ɗaya suna jiran ranar rabon gado? A Zariya kaɗai akwai labarin da ba a taɓa ba tukuna. Akwai tsohon gida a Ƙwarbai ko Limancin Kona da magada arba'in suka kasa rabawa, rabinsu sun tare a Kaduna da Abuja, ba sa zuwa sai da jana'iza. Akwai wanda aka haifa a Tudun Wada ko Sabon Gari, kakansa ma nan aka binne shi, amma in ya shigo cikin ganuwa har yanzu baƙo ne. Akwai kuma mutanen Wusasa, inda mishan ta koma daga cikin birni a 1929, Hausawa Kirista masu dangi na jini a birni, waɗanda shi kansa John Tafida daga cikinsu ya fito.