Badujala a Ƙofar Kogon Rana

Tun shekarar 1869, sa'ad da wani Bature mai suna Fenton, shugaban 'yan badujalar wata rundunar Ingila da ke zaune a Yokohama, ya fara koya wa samarin yankin Satsuma busa ƙahonin tagulla, mutanen Japan suka riƙi wannan fanni hannu biyu, har ya zamana a yau da wuya mutum ya shiga makarantar sakandare a ƙasar bai tarar da ƙungiyar mabusa ba, ga kuma gasa ta ƙasa baki ɗaya wadda aka assasa tun 1940. Sai dai kayan na aro ne, domin fareti aka ƙera su, saboda haka mas'alar da ta daɗe tana damun masu tsara kiɗa a can ita ce, ta ƙaƙa ƙahon da ya saba da takun soja zai yi magana da harshen gida.

A ganina babu wanda ya warware wannan mas'ala kamar Oguri Hiroshi, wanda aka haifa a unguwar 'yan kasuwa ta Senba cikin birnin Osaka a 1918, ya rasu a 1982. Shi mabushin ƙaho ne tun yana ɗalibi, ya kuwa yi shekaru yana zaune cikin sahun mabusa, don haka ya san iyakar numfashin kowane ƙaho da inda muryarsa take karyewa. Bugu da ƙari kunnensa ya tashi ne cikin hayaniyar bukukuwan garinsu, musamman bukin Tenjin da ake yi ranakun 24 da 25 ga Yuli, inda jiragen ruwa ke jerin gwano a kan kogi, ganguna da ƙananan kuge suna amsa wa juna har dare ya raba. Wannan amo shi ya zuba cikin kiɗansa na waƙoƙin gargajiyar Osaka, wanda aka fara kaɗawa a 1956, daga baya ya sake masa tsari domin 'yan bushe-bushe a 1974. Abin lura shi ne bai tsaya ga aron karin waƙa ya lulluɓe ta da adon Turawa ba, kamar yadda da yawa suka yi. Bugun ya ɗauko, da maimaicin nan mai sa mai sauraro ya manta kansa, kuma a nan ne ruhin buki yake.

Amma aikin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne na 1973, wanda ya tsara domin cikar ƙungiyar mabusan birnin Osaka shekara 50, ya kuma gina shi bisa wata hikaya ta littafin Kojiki da aka kammala a shekarar 712. A bisa aƙidar mutanensu na dā, Amaterasu, wadda suke ɗauka ita ce uwargijiyar rana, ta yi fushi da ɓarnar ƙanenta Susano, ta shige kogon dutse ta rufe, duniya ta yi duhu. Sauran abubuwan bautarsu suka taru suka yi shawara, suka kawo zakaru su yi cara, sannan ɗaya daga cikinsu, Ame no Uzume, ta hau bisa kifaffen mazubi tana rawa tana buga ƙafa, jama'a suka tuntsire da dariya, har mai fushin ta ɗan buɗe ƙofa don ta ga dalili, aka haska mata madubi, wani ƙaƙƙarfa ya fizgo ta waje. Oguri ya bi hikayar daki-daki ba tare da kalma ko guda ba. Carar zakaru ya ba ƙahonin da aka toshe wa baki, rawar kuwa ya aza ta bisa awo mai bugu goma, wanda ba ya rabuwa daidai yadda takun soja yake rabuwa, ta yadda mai sauraro ba zai iya yin fareti da shi ba ko da ya so, sai dai jikinsa ya karkata tare da mai rawar. Japanawa suna danganta asalin kagura, watau rawar ibada ta wuraren bautarsu, ga wannan rawa ta Uzume, ke nan mutumin ya koma ne can tushe.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda gasa take yi wa irin waɗannan ayyuka. Ƙa'idarta minti 12 ne ga kowace ƙungiya, har da kiɗan wajibi da ake ɗora wa kowa, alhali hikayar Oguri ita kaɗai ta zarce haka. Dole malaman makarantu su sa almakashi, kuma galibi sassan natsuwa suke yankewa su bar masu ƙara, domin su ne ke nuna gwanintar yara a gaban alƙalai. Ba na zargin yaran, waɗanda ta hannunsu ne sunan Oguri ya wanzu bayan rasuwarsa. Illa dai idan aka taƙaita duhun farko da zaman jira a bakin kogo, to rana takan fito tun mai sauraro bai soma kewarta ba.