Teku a idon Ba'adare: sharhi a kan littafin «Cap Horn à la voile»

Tsakanin birnin Tawa da bakin teku mafi kusa akwai tazarar da ta kai kusan kilomita 1000. Ruwa mafi faɗi da galibin ɗaliban Adar suka taɓa gani shi ne tabkin Tabalak, a kan hanyar Abalak. Saboda haka duk malamin Faransancin da ya ɗauko littafin tafiyar teku zai karantar a aji, dole ya amsa tambaya guda: me yaron Kalfu ko Barmu zai tsinta a ciki? Littafin Bernard Moitessier, wanda kamfanin Arthaud ya buga a 1967, ya isa ya amsa wannan tambaya, ko da yake yana da raunin da bai kamata a rufe ba.

An haifi Moitessier a Hanoi a 1925, ya rasu a Faransa a 1994. Kafin tafiyar da littafin ya ƙunsa, teku ta riga ta cinye masa jirage biyu, ɗaya a 1952, ɗaya a 1958. Na ukun, mai suna Joshua, na ƙarfe ne, tsawonsa mita 12, iska ce ke tura shi ta hanyar manyan ƙyallayen da ake ɗaura wa dogayen itatuwa. A watan Oktoba na 1963 ya tashi daga Marseille tare da matarsa Françoise, wadda a lokacin take koyon aikin jirgi. Suka bar ƴaƴanta uku a makarantar kwana, suka ratsa tekun Atalantika, suka bi ta mashigin Panama har tsibiran Tahiti. Da lokacin komawa ya yi, sai suka zaɓi hanya mafi sauri zuwa ga yaran, wadda kuma ita ce mafi haɗari: zagaye Cap Horn, ƙarshen ƙasar Amurka ta Kudu. Sun tashi ranar 23 ga Nuwamba 1965, suka wuce Cap Horn a watan Janairu, suka isa Alicante ta ƙasar Sifen a ƙarshen Maris 1966. Kwana 126 ke nan, mil 14,216 na teku, wato fiye da kilomita 26,000, ba tare da yada zango ko sau ɗaya ba. A wancan zamani babu ƙaramin jirgi irin wannan da ya taɓa yin tafiya mai tsawon haka a jere.

Ƙarfin littafin yana cikin yadda marubucin ya ɗauki aiki da muhimmanci. Gyaran igiya, tanadin ruwan sha, rabon barci tsakanin mutum biyu, auna tsayin rana da na'urar hannu don gane inda ake: duk ya bayyana su dalla-dalla, cikin jimloli marasa ado. Mafi kyawun shafukansa su ne na guguwar da ta same su a kudancin tekun Fasifik. Moitessier ya fara da abin da littattafan magabata suka koyar, ya saki igiyoyi masu nauyi a bayan jirgi don rage masa gudu. Jirgin ya yi nauyi, ya daina jin linzami, igiyar ruwa tana neman kifar da shi. Sai ya tuno dabarar Vito Dumas, matuƙin ƙasar Ajantina, ya yanke igiyoyin duka, ya bar jirgin ya gudu tare da ruwa yana ɗan karkacewa. A nan mai karatu ke gane cewa masu koyo biyu ne a cikin jirgin, domin shi kansa gwanin sai da teku ta maida shi almajiri. Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne. Wannan darasi ba baƙo ba ne ga mutanen arewacin Adar da Azawak, inda madugu ke bin taurari da dare, ya kuma san cewa hanyar da ta fisshe shi bara tana iya hallaka shi bana.

Raunin littafin iri biyu ne. Na farko shi marubucin ya amsa shi daga baya: ya gaggauta babukan ƙarshe don littafin ya riski bikin baje kolin jiragen ruwa na Paris. Ana jin wannan gaggawa a karatu, domin watannin ƙarshe na tafiyar sun wuce kamar an kora su da bulala. Takaicin haka yana cikin abubuwan da suka sa ya koma teku shi kaɗai a 1968, tafiyar da ta haifi «La longue route».

Rauni na biyu ya fi zurfi. Françoise ta riƙe linzamin jirgi a cikin guguwa, ta yi tsaron dare kamar mijinta, shi kuma ya yaba mata. Sai dai duk abin da aka sani game da tsoronta, da begen ƴaƴanta, da yadda ta tashi daga ƴar koyo zuwa abin dogaro, ta bakinsa aka ji shi. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shekaru bayan haka Françoise ta mallaki nata jirgi, ta yi tafiye-tafiye ita kaɗai, ta rubuta nata littafi, «60 000 milles à la voile». Wanda ya karanta na mijin kawai, rabin labari ya ji.

A nan ne littafin ya taɓa Adar a inda ke mata ciwo. Ƙasa ce ta biɗa: da an kai hatsi rumbu, maza su kama hanyar Abijan, Kwatano, Legas ko Libiya, mata su riƙe gida. Lokacin da aka fara aikin raya karkara na Keita a 1984, da tallafin Italiya da hukumar FAO, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar dutse da dasa itatuwa, saboda mazan ba su nan. Amma idan aka zauna hira, labarin wanda ya tafi ake saurare, ita kuwa wadda ta zauna ba a tambayarta. Littafin Moitessier ya nuna cewa ko da mace ta shiga jirgi ɗaya da mijinta, ta sha wuyar da ya sha, alƙalami na iya zama a hannunsa shi kaɗai. Ɗaliban da iyayensu ke nesa kuma ba za su rasa tambayar halin da yaran nan uku suka zauna ba, tsawon fiye da shekara biyu.

Ga malaman da ke koyar da harsunan biyu, akwai wata riba ta daban. Hausa ba ta tara kalmomin jirgin iska ba, amma tana da wadatar kalmomin fatauci: ayari, madugu, jagaba, zango, guzuri, ƙishirwa, ɓatan kai. Fassara shafi guda na babin guguwa zai tilasta wa ɗalibi ya auna inda waɗannan kalmomi suka isa da inda suka gaza, ya kuma koyi bayyana abin da harshensa bai raɗa wa suna ba, maimakon ya ɗauko kalmar Faransanci ya dasa. Ƙungiyoyin al'adu kuwa za su iya ɗora wani aiki a kai: tattara labarin biɗa daga bakin miji da kuma daga bakin mata, a ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

«Cap Horn à la voile» littafi ne na gwanin matuƙi da ya iya rubutu, wanda ya fi sanin halin ruwa a kan sanin zuciyar abokiyar tafiyarsa. Ya cancanci shiga ɗakunan karatu na Tawa, bisa sharaɗin a ajiye littafin Françoise a gefensa.