Sanin Mutum ko Sanin Takarda: Sharhi a Kan Matsayin Baƙo a Dokokin Banki, Daga Kasuwar Jega



Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi nazarin sharaɗi guda daga cikin sharuɗɗan da Babban Bankin Nijeriya ya gindaya don hana halatta kuɗin haram, watau cewa banki ba zai buɗe wa mutum asusu ba sai ya san shi. Ba ni da ja a kan manufar. Abin da nake suka shi ne ma'anar da aka ba kalmar "sani", da yadda ta faɗa a kan baƙon da ke cin kasuwar Jega ranar Juma'a, ko yake sayen albasa a Aliero, ko yake ci-rani a gonakin Maiyama.

Ga yadda al'amarin ya taho. A 2013 aka kasa asusun banki hawa uku, aka sauƙaƙa wa hawan ƙasa don talaka ya samu shiga. A 2014 aka fito da lambar BVN. Dokar 2022 ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hannun banki ba. A Fabrairun 2023 hukumar FATF mai mazauni a Faris ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, kuma kafin shekarar ta ƙare sai Babban Banki ya ce ko asusun hawan ƙasa ma sai da BVN ko lambar shaida ta NIN. An cire Nijeriya daga jerin a Oktoban 2025, amma sharuɗɗan suna nan daram.

To, ina baƙo a cikin wannan tsari? Banki na neman fasfo da izinin zama daga wanda ba ɗan ƙasa ba, ita ma NIN ba a ba baƙo sai mai izinin zama. Wannan ya dace da injiniyan da kamfani ya ɗauko daga Sin ya sauka a Legas. Amma Bazabarme ko Ba'are da ya kora tumaki daga yankin Doso ya ƙetaro ta Kamba ba zama ya zo yi ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba shi damar shiga har kwana 90 ba tare da biza ba, kuma ko da Nijar ta fice a Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta wannan dama. Ke nan shigarsa halal ce, cinikinsa halal ne, amma ba shi da gurbi a takardar banki. Idan dabbobinsa suka haura miliyan 5, doka ta hana shi karɓar tsaba, ƙa'ida kuma ta hana shi asusun da za a zuba masa.

A nan ne nake ganin masu tsara ƙa'idar sun yi tuya sun manta da albasa, domin kasuwa tana da nata tsarin sanin baƙo tun kafin zuwan Bature. Baƙo yakan sauka wurin maigida ko fatoma, shi ne zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni, in kuwa ya gudu da bashi shi za a kama. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan. Maigida ya san uban baƙonsa da garinsu da shekarun da ya yi yana zuwa. Akawun banki kuwa lamba kawai ya sani.

Abin da ke faruwa ke nan: baƙo sai ya ari asusun maigidansa, ko na wani yaro mai na'urar POS, a tura can a ƙirga masa. A littafin banki kuɗin na ɗan Jega ne, alhali mai su yana Gaya. Watau ƙa'idar da aka yi don a bi sawun kuɗi ita ce ta share sawun. Shi kuma mai asusun, ranar da aka ga miliyoyi suna ratsa hannun wanda sana'arsa ba ta kai haka ba, shi za a tuhuma. (Ɓarawon gaske, in za a faɗi gaskiya, ba ya rasa takarda.)

Haka zancen rance yake. Shirin ba manoma bashi da aka ƙaddamar a Birnin Kabi a Nuwamban 2015 ya rataya ne ga asusu da BVN, don haka wanda kakansa ya zo daga Arewa ta Dogon Dutsi, aka haife shi nan ba a yi masa rajista ba, sai ya koma ga mai ba da bashi da kaka, a biya da buhu.

Shawarata ita ce a buɗe wa irin wannan baƙo asusu mai iyaka bisa katin shaidar ƙasarsa da hoton yatsunsa, maigidansa ya sa hannu a matsayin mai lamuni, sarkin kasuwa ya shaida. Ga malaman shari'a da ke zauren nan kuma na bar tambaya: idan baƙon ya saɓa, wane irin alhaki ne doka za ta ɗora wa maigidan?