Makaɗin da bai iya buɗe baki ba

Mun kalli Tirez sur le pianiste mu shida a fadarmu, bisa kwamfutar wani aboki, shayi na kan wuta. Kafin a kai rabi, mutum biyu sun tashi. Ɗaya ya ce: "Wai wanga ne fim ɗin ƴan fashin? Surutu kawai suke yi." Gaskiya ya faɗa, amma surutun nan shi ya zaunar da ni har ƙarshe.

François Truffaut ya fito da fim ɗin a 1960, shekara guda bayan Les Quatre Cents Coups. Labarin daga littafin wani Ba'amurke ne, David Goodis, mai suna Down There (1956). Truffaut ya ɗauko shi daga Filadelfiya ya kawo Paris. Mawaƙi Charles Aznavour ne ya fito a matsayin Charlie Kohler, mai buga fiyano cikin wata ƙaramar mashaya. Daga baya muke jin cewa sunansa na ainihi Édouard Saroyan, kuma dā babban makaɗi ne da ake cika zaure saboda shi. Ɗan'uwansa Chico ya cuci wasu ƴan fashi biyu, Momo da Ernest, shi ke nan rigima ta biyo Charlie har gida.

Duk kayan film noir suna nan: hoto baƙi da fari, dare, bindiga, mutum mai gudun abin da ya wuce. A finafinan Amurka irin waɗannan, jarumi ba ya yawan magana, kuma shirunsa alamar ƙarfi ce. Truffaut ya rarraba maganar ta wata hanya dabam. Ƴan fashin ne masu baki. Sun sace mutane, suna cikin mota, amma hirar mata suke yi da fahariyar kayan da suka mallaka. Ɗayansu ya rantse cewa in ƙarya yake uwarsa ta faɗi matacciya, nan take aka nuno wata tsohuwa ta kife. Mun sha dariya. Ni kuwa na tuna darasin da aka yi mana kan maganar da ita kanta aiki ce, irin rantsuwa da alkawari: a nan fim ɗin ya kama rantsuwa da gaske. Ko waƙar da Boby Lapointe ya rera a mashayar, Faransanci ce, amma sai da aka sa mata rubutun Faransanci a ƙasan allo don a gane ta.

Charlie kuma yana da baki biyu. Na ciki, wanda mu kaɗai muke ji, ba ya shiru, ya san daidai abin da ya kamata a faɗa. Na waje a rufe yake. Lokacin da yake raka Léna, mai hidima a mashayar, zuciyarsa na ta tsara yadda zai kama hannunta, kafin ya yanke shawara yarinya ta ɓace. Nan abin dariya ne. Amma ku dubi wurin matarsa Thérésa. Ta faɗa masa cewa ta kwana da mai shirya masa wasanni, kuma da hakan ne ƙofar suna ta buɗe masa. Muryar ciki ta ce kada ya fita ya bar ta ita kaɗai. Ya fita. Da ya juyo a guje, ta riga ta faɗa ta taga. Hali ɗaya ne a wuraren biyu, sai dai na biyun ya ci rai.

Mu da aka raina kan cewa shiru ma magana ce, kuma kunya ado ce, wurin nan ya taɓa ni. Na san sau nawa na haɗiye "yi haƙuri" na kira abin kawaici. Fim ɗin bai yarda da wannan suna ba. A gunsa tsoro ne, kuma wani ke biyan kuɗinsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne wa ke biyan. Mata biyu suka mutu: Thérésa, sannan Léna da harsashi ya samu, gawarta na gangarowa bisa dusar ƙanƙara. Raoul Coutard ya ɗauki hoton da kyau har ya yi yawa, sai ka manta mutum ce ta mutu. Truffaut ya yi wa bindiga da ƴan fashi ba'a, amma tsohuwar dokar noir, cewa mace ta mutu don a nuna raunin namiji, bai taɓa ta ba. Léna ta fi kowa hankali da zuciya a fim ɗin, ta cancanci fiye da haka.

A ƙarshe Charlie ya koma kan fiyanonsa, an kawo sabuwar mai hidima, yana kallon gaba bai ce komai ba. Fim ɗin bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito, kuma na fahimci abokaina da suka tashi. Amma in kun same shi, ku bar bindigar, ku saurari wa ke magana da wa ya yi shiru.